Mugun Labari Mai Fuskar Baba

"Ban ce ki auri wanda ba kya so ba, Auta. Na dai ce wannan yaron ba zai zama surukina ba."

Iyakar abin da Baba ya faɗa ke nan ranar da manyan Mai Zane suka zo neman aurenta suka koma jiki a sanyaye. Bai ɗaga murya ba, bai yi zagi ba. Har bakin ƙofa ya raka su, ya yi musu fatan sauka lafiya, ya dawo kujerarsa ya kunna rediyo. Da faɗa ya yi, da Auta ta samu abin yi wa kuka a fili. Sai ya bar ta da kukan zuci, wanda ya fi cin rai.

Abin haushin kuma, ta san dalili. Duk unguwa ta san dalili.

Auta ita ce ƙaramar 'yarsa, a maɗaba'a take aiki, aikinta sa launi. Mai Zane ke zana hotuna da fensir ya bi su da tawada, ita kuma ta biyo bayansa da burushi da kalar ruwa. Su biyun ke fitar da wani ɗan littafin barkwanci da yara da manya ke rububi, labarin Barde Mai Arcewa.

Duk wanda ya taɓa kallon finafinan nan na masu farautar taska ya san irin jaruminsu. Ƙirji kamar ƙofa, hula da ba ta faɗuwa ko a cikin guguwa, bam ya tashi a bayansa ko waiwaye ba ya yi. To, Barden nasu in bam ya tashi, yana riga ƙarar isa gida. Taswirar taska a kife yake riƙe ta. Ya taɓa tsallake kogin kadoji ba tare da ya sani ba, saboda kaza ce ta biyo shi.

Amma ba don Barde mutane ke sayen littafin ba. Don mugun da ke cikin labarin suke saya, Mai Kogo. Shi in ya kama Barde ya ɗaure a kujera, maimakon ya gama da shi sai ya gyara tsayuwa, ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Abu na farko." Daga nan ya shiga nasiha, har Barde ya yi barci, masu gadi su yi barci, kadojin da ke ramin ma su hau minshari.

A bakin Auta Mai Zane ya samo wannan. Baba tsohon shugaban tashar jirgin ƙasa ne, ya yi ritaya da al'adar tara ma'aikata ya yi musu jawabi, da babu ma'aikatan sai ya koma kan iyalinsa. Auta ta riƙa kwaikwayonsa a ɗakin aiki, tana ɗaga yatsa, Mai Zane na riƙe ciki. Wata rana Baba ya biyo ta maɗaba'ar, Mai Zane ya yi masa kallo ɗaya, hannunsa ya sace gashin bakin da girar. Da shafin ya iso teburinta baƙi da fari, tana iya rufa asiri. Sai ta yi dariya, ta ɗauko koren nan mai duhu ta shafa wa hular, ta ba kwat ɗin ruwan ƙasa, har da facin gwiwar hannu. Da hannunta ta ƙarasa abin da ya fara.

Tun ranar da Baba ya gane, bai sake sa wannan hular ba. Bai sake zuwa wurin hirar abokansa ba. Nasihar da 'ya'yansa suka yi shekaru suna gudu ta ɗauke cak, gidan ya yi shiru irin na gidan da aka yi rasuwa.

*

Alfarma ɗaya Baba ya yi mata. Tunda an yi wa Manajan maɗaba'a alkawarin fitowa ta ƙarshe, ta gama aikinta, don shi bai haifi mai saɓa alkawari ba. Amma ba magana tsakaninta da yaron, ba waya, ba aike.

Sai aiki ya koma haka. Mai Zane ya kawo shafuka ƙasa ya ba Manaja, Manaja ya hau bene yana haki ya ajiye mata. Teburin Mai Zane na nan kusa da nata, kujerar a ture ciki, kwalbar tawadarsa ta bushe a buɗe. Ta hana kowa taɓawa.

Ta san ƙarar babur ɗinsa a cikin babura dubu, don yana tari kafin ya mutu kamar tsoho mai mura. Da ta ji shi sai burushi ya tsaya mata a sama. Ta ji ya yi sallama a ƙasa, ta ji Manaja ya amsa, ta ji shirun nan da yake yi a gindin matakala kafin ya juya. Ba ta taɓa leƙawa ba. Ta yi alkawari, kuma ta san in ta leƙa sau ɗaya alkawarin ya tashi.

In shafin ya zo, ba ta fara aiki sai ta duba kusurwarsa. Mai Zane ƙazami ne wajen tawada, kullum sai babban yatsansa ya bar tambari a gefen takarda. Da can faɗa take yi masa a kai. Yanzu sai ta ɗora nata yatsan a kan nasa, ta zauna haka kamar wata marar aikin yi.

Kewarsa take ji, wallahi. Kewar da ba ta bari abinci ya wuce wuya.

*

A gida kuwa, wani ne ke zuwa. Ɗan abokin Baba ne, ma'aikacin kwana-kwana, dogo mai sanyin magana, bayan hannunsa na dama duk tabon wuta. Ba a tilasta mata shi ba. An dai riƙa gyara falo duk ranar da zai zo, Umma ta riƙa fito da kofunan baƙi, Baba ya riƙa yin murmushin da ya daina yi wa kowa.

Da a ce mugu ne da abin ya zo mata da sauƙi. Sai ya zama mutumin kirki.

"Na karanta littafinku," ya ce da ita wani yammaci. "A wurin aiki har laƙabin Barde muka sa wa wani, don shi in an ce gobara sai cikinsa ya murɗa."

Ta yi murmushin dole.

"Auta, ni na saba shiga ɗakin da hayaƙi ya cika, ina gane ko da mutum a ciki ko babu. Duk zuwan da nake yi, jikinki kawai nake tararwa a kujerar nan."

Ta sunkuyar da kai, kunya ta kama ta.

"Ka yi haƙuri."

"Ba laifi kika yi min ba. Amma iyayena sun matsa, suna so su zo. Na ce su dakata ki gama aikin da ke gabanki. In kin gama ki ba ni amsa, ko wace iri ce. Ba zan so a ba ni ke don a huce haushin wani ba."

Yana fita Yaya ta faɗo falon. Babbar yayarsu ce, ta baro gidan mijinta musamman don wannan magana, ta kuma ji komai daga bayan labule.

"Ke wace irin yarinya ce? Ga mutum mai shiga wuta ya fito da 'ya'yan mutane, kin tsaya kina mutuwa a kan mai zana wa mutane dogon hanci!"

"Yaya, ni ma na sani. Kullum sai na gaya wa zuciyata haka."

"To me ta ce?"

"Ba ta ji."

"Za ta ji in ta ga Baba a kwance. Kin lura da yadda rigunansa suka yi masa yawa? Jiya na zo da yara suka fasa masa gilashin ido, ina jira ya ɗaga yatsa, wallahi ko tari bai yi ba. Tsintar gilashin ya yi ya shige ɗaki. Kun kashe mana uba da ransa, ke da wancan mai fensir ɗin."

Hawaye suka ɓalle wa Auta.

"Ban yi don in wulaƙanta shi ba. Don ina son sa nake kwaikwayonsa, Yaya. Duk cikinmu wa ya kai ni zama gabansa?"

"Ki je ki gaya masa haka, ba ni ba."

"Na kasa haɗa ido da shi."

Yaya ta yi tsaki, amma da ta ga kukan ya ƙi tsayawa sai ta jawo ta jikinta, tana bubbuga mata baya tana ci gaba da faɗan a hankali.

*

Shafin ƙarshe ya iso mata da hantsi. Ta duba kusurwa tukuna, sannan ta duba hoton.

Gadar igiya ce ta tsinke a saman rami. Mai Kogo na faɗawa ciki, hannuwa a sama, hula ta yi nata wuri. An rufe masa fuska da wani ƙyallen ɓoye kama, amma ko makaho ya shafa ya san wane ne.

Ta ɗauki shafin ta sauka benen da gudu. Babur ɗin bai riga ya tashi ba.

Mai Zane na tsaye a ofishin Manaja, ya rame, gashin kansa ya yi buzu-buzu, aljihun rigarsa da tabon tawada kamar kullum. Suka tsaya suna kallon juna. Manaja ya dubi wannan ya dubi waccan.

"Ni dai an ce kada ku yi magana," ya ce. "Amma maganar aiki ai aiki ce. Ga ni nan zaune, kunnena ɗaya ba ya ji, ɗayan kuma na ba injin." Ya juya kujerarsa ya fuskanci bango.

Auta ta ajiye shafin a tebur.

"Ba zan sa wa wannan launi ba."

"Auta..."

"Ka mai da shi abin dariya, na taya ka. Yanzu kuma ka jefa shi rami in taya ka? Wane launi zan sa wa faɗuwar Babana?"

"Na zaci in na kashe Mai Kogo maganar ta mutu. Mutane su manta, ya samu ya fita cikin abokansa."

"Ba za su manta ba. Cewa za su yi ga yadda surukin da aka ƙi ya rama."

Ya dafe kai, ya zauna a kan tarin takardu.

"Ban yi wannan tunanin ba. Wallahi tun da aka raba mu ba na tunani daidai. Sai in gama shafi in miƙa hannu dama in ce duba, sai in ga bango. Jiya na zana Barde yana gudu, na duba na ga ban sa masa ƙafa ɗaya ba."

Dariya ta so kuɓuce mata, kuka ya riga ta.

"Ka rame."

"Ke ma."

"An ba ni lokaci. In na gama littafin nan zan ba wani amsa."



"Na ji labarinsa," ya ce. "An ce mutumin kirki ne. Na so a ce min ba haka ba ne, na bi na tambaya, kowa sai yabonsa yake." Ya share ido da bayan hannu, ya bar baƙin layi a kumatu. "Shi jarumin gaske ne, Auta. Ni kuwa sana'ata yi wa jarumai dariya."

"Ni ban ce ina neman jarumi ba."

"To me zan yi? Faɗa min. In zuwa zan yi in kwanta a ƙofar gidanku, zan kwanta."

"Ka zana shi da mutunci. Ko sau ɗaya. Ka nuna masa ba haka kake ganinsa ba."

Ya ɗago hannunsa na dama yana kallo kamar na wani.

"Kin zaci ban gwada ba? Kwandon sharata cike yake da fuskarsa. Sai in fara lafiya lau, ina zuwa gira sai hannun ya ja ta sama, ina zuwa gashin baki sai ya murɗe shi. Tun ina yaro haka na koya, in ga abin da ya fi fitowa a fuskar mutum in ƙara masa. Ko mahaifiyata da na zana sai da ta bi ni da muciya. Hannun nan bai iya ganin mutum ba, abin dariyar mutum yake gani." Ya sauke shi. "Shi ya sa na yanke shawara. Daga wannan fitowar na ajiye fensir. Abin da ya raba ni da ke ba zan ci gaba da ci da shi ba."

"Kada ka yi!"

"Me zan zana, wa zai sa launi?"

Manaja ya yi gyaran murya yana kallon bango.

"Maganar aikin ta yi tsawo," ya ce.

Auta ta juya ta hau bene, tana jin idonsa a bayanta har ta sha kwana. Babur ɗin ya daɗe bai tashi ba.

*

Da la'asar ta samu Baba a baranda, ya kwance bayan rediyonsa yana goge ƙura da tsohon burushin haƙori. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, na karya alkawari. Na yi magana da shi yau."

Bai ɗago ba.

"Na ji daɗi da kika faɗa da bakinki."

"Baba, ka yafe min. Ba shi kaɗai ba ne. Hular, kwat ɗin, ni na..."

"Na sani. Wa ya san facin kwat ɗina in ba wadda ta riƙe wa uwarta zare ana ɗinkawa ba?"

Ya ajiye burushin. Ya juya ya dubi titi.

"Kin san wanda ya fara kai littafin nan wurin hirarmu? Ni ne."

Ta ɗago da sauri.

"Duk fitowa sai na saya na sa a aljihu. In je in buɗe musu in ce, ku ga aikin 'yata. Ku ga yadda ta yi wa wuta launi kamar za ta ƙone takardar. Suna dariya, ina dariya. Har karanta musu maganar Mai Kogon nake yi, Auta. A tsaye, da muryata, da yatsana a sama. Wani har faɗowa yake daga benci. Ni kuma ina jin daɗi, na zaci iya karatuna ne."

"Wayyo Baba..."

"Na daɗe ina yi. Babu wanda ya gaya min. Sai wani tela a cikinmu ne ya ji tausayina, ya ja ni gefe ya ce, Shugaba, don Allah ka daina, kai ne fa. Na dawo gida na tsaya gaban madubi da littafin a hannu."

Ya ci gaba, idonsa na kan titi.

"Yaron nan bai taɓa zama gabana na yi masa nasiha ba. Bai san yadda nake magana a cikin gidana ba. Kai masa aka yi. Na zaci in ina magana kina sunkuyar da kai, saurarona kike. Ashe haddacewa kike ki kai kasuwa."

Auta ta kife fuska a tafin hannu tana kuka kamar ranta zai fita.

"Saurarenka nake, Baba, wallahi saurarenka nake. Na san na cuce ka. Ba zan aure shi ba in ranka bai so ba, ko zan mutu da son sa. Amma ba zan yaudari ɗan abokinka ba, zan ce masa ya nemi wata. Shi kuma ya ce ya ajiye fensir, ya bar zane har abada. Shi ke nan, kowa ya rasa."

Baba ya juyo, karo na farko.

"Ya ajiye me?"

"Fensir. Ya ce ya bar sana'ar."

"Ni na ce ya bar sana'arsa? Mutum ya yi ɓarna da hannunsa, sai ya sa hannun a aljihu ya ce ya tuba?" Ya mayar da murfin rediyon ya danna. "Ki aika masa. Ba manyansa nake son gani ba, shi nake so. Ya zana ni a bayan idona, to ya zo ya zana ni a gaban idona. Takarda ɗaya. In ya iya ganina yadda Allah ya yi ni, zan saurare shi. In hannunsa ya sake yi min ba'a, kada ki ƙara ambata min shi, ni ma ba zan ƙara ambata miki kowa ba. Kin yarda?"

Ta tuna kwandon sharar da Mai Zane ya ce ya cika.

"Na yarda, Baba."

*

Da safe Mai Zane ya zo, sanye da riga mai guga wadda da gani aro ce. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gai da Baba. Baba ya nuna masa tabarma, shi kuma ya zauna a kujera kusa da taga, ba hula, hannuwa a kan gwiwa.

Auta da Umma suna bayan labulen da ya raba falo da tsakar gida. Umma ta riƙe mata hannu gam, bakinta na motsi da addu'a.

Ta ɗan tsagin labulen Auta ke hango bayan Mai Zane da gefen allon da ya ɗora a cinya. Ya daɗe bai taɓa takardar ba. Kallon Baba kawai yake, Baba na kallonsa. Sannan fensir ya fara ƙara, a hankali, ba irin saurin nan nasa da ta sani ba.

Ta san lokacin da ya iso gira, don kafaɗarsa ta ɗaga. Fensirin ya yi wani ɗan tsalle. Ya tsaya cak, ya ɗauki magogi ya goge, ya hure takardar. Ya sake farawa, ya sake tsalle. Gumi ya jiƙa bayan rigar aron. Auta ta ciji leɓe har ta ji ɗanɗanon jini.

"In ka ci gaba da gogewa za ka huda ta," in ji Baba. "Kuma babu wata."

Mai Zane ya ajiye fensirin. Ya matse yatsunsa, ya buɗe. Sai ta ga ya yi abin da ba ta taɓa gani ba, ya kama wuyan hannunsa na dama da na hagu, ya riƙe shi kamar yadda ake riƙe hannun yaro mai koyon rubutu. A haka ya ci gaba. Ya bar girar, ya koma ƙasan ido, ya daɗe a nan.

Rana ta taso daga ƙafar Baba ta hau har ƙirjinsa kafin ƙarar fensirin ta tsaya.

Ya miƙa takardar da hannu biyu, kansa a ƙasa.

Baba ya karɓa, ya nisanta ta da fuskarsa saboda rashin gilashi, ya karkata ta wajen haske. Auta ta ƙara matsowa kusa da tsagin labulen. Ta ga ya kai yatsa ya taɓa takardar, sannan ya kai yatsan ƙasan idonsa ya shafa.

"Haka na tsufa?"

"Abin da na gani ke nan, Baba."

"Ka sa min baƙin ciki a ido."

"Na tarar da shi a wurin. Na kuma san wanda ya sa shi." Ya ƙara sunkuyar da kai. "Ka yafe min."

Baba bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ɗora takardar a cinya.

"Tashi ka je. Ka gai da manyanka."

Mai Zane ya tashi da ƙyar, ƙafa ta yi masa tsami. A bakin ƙofa ya waiwayo ya dubi labulen, kamar ya san daidai inda take tsaye. Ta ɗora tafin hannunta a jikin ƙyallen, ba ta san ko ya gani ba. Ya sa takalmi ya fita.

"Auta."

Ta fito tana share fuska.

"Ɗauko kayan aikinki."

Ta ɗauko akwatin kalolin da kofin ruwa, ta dawo. Ya nuna mata tabarmar, daidai inda Mai Zane ya tashi, wurin da ɗuminsa. Ya miƙo mata takardar.

Babanta ne. Ba Mai Kogo ba, ba Shugaban tasha ba. Wani dattijo ne da kumatunsa suka zube, mai kallon mutum kamar yana jiran a gaya masa laifin da ya yi.

"Shi ya dube ni, ya gan ni," in ji Baba. "Saura ke. In kin gama, sai mu san abin da za a gaya wa manyansa."

Ta tsoma burushi a ruwa. Ta ɗago kai ta dubi mahaifinta ido cikin ido, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Sai fuskar ta narke mata, ta zama hazo, hannunta ya ƙi motsi.

Baba ya gyara zama, ya juyo da fuskarsa sosai wajen haske.

"Share idonki," ya ce. "Ba za ki gan ni ta cikin hawaye ba."